An ce bawul ɗin zuciyar Baffana ya tsuke: ciwon ya yawaita ne ga tsofaffi?

'Yar Kwarbai:
Assalamu alaikum. Baffana yana da shekara 78, kuma da ƙafa ya saba zuwa masallacin Juma'a na ƙofar fada. Tun bayan babbar sallah sai ya riƙa tsayawa a hanya yana haki, wani lokaci ya dafe ƙirji. Kowa a gida cewa yake tsufa ne. Ranar da jiri ya ɗebe shi ya faɗi yana alwala muka kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tura mu hoton zuciya na eko, aka ce bawul ɗin da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa babbar jijiya ya tsuke ƙwarai. Ni ban taɓa jin wannan ciwo ba. Ya yawaita ne ga tsofaffi? Kuma magani na buɗe shi? Hankalina a tashe yake.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baffa lafiya. Ba shi kaɗai ba ne. Wani nazari na 2013 da ya haɗa bincike daga Turai da Amurka ya nuna cewa cikin waɗanda suka haura shekara 75, kusan kashi 12 cikin ɗari na da tsukewar, kashi 3 da ɗoriya kuma tasu ta yi tsanani. Wato kusan mutum ɗaya cikin 30.

Da shekaru, kalsiyam ke taruwa a kan bawul ɗin har ya ƙage, kamar ƙofar da tsatsa ta ci ba ta buɗuwa duka. Dole zuciya ta yi ta turo jini da ƙarfi ta 'yar kafa. Haki, ciwon ƙirji da suma su ne manyan alamominsa uku, kuma Baffa ya nuna su. Wannan "tsufa ne" da muke faɗa yana ci min rai, domin da zarar alamun sun bayyana, jinkiri na da haɗari sosai.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Ƙari kaɗan. Ba tsufa kaɗai ke kawo shi ba. Wasu da bawul mai ganye biyu aka haife su maimakon uku, nasu kan tsuke da wuri. A nan Afirka kuma ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba yakan lalata bawul, sai an girma a gani.

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Na koma kan tambayarki ta biyu. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke buɗe bawul ɗin da ya ƙage. Magani sauƙin haki kawai yake kawowa. Canza shi ake yi, ko ta tiyatar buɗe ƙirji, ko a zura sabo ta jijiyar cinya, hanyar da Alain Cribier ya fara a Faransa a 2002, wadda ta fi dacewa da tsofaffi masu rauni. Ku nemi ganin likitan zuciya a asibitin koyarwa na Shika, ku tafi da takardar eko da duk magungunan da yake sha. Kada a ƙara masa ko a rage na hawan jini sai da izinin likita. Idan ya sake suma, a daren nan ma a kai shi, kada a jira gari ya waye.

'Yar Kwarbai:
Na gode, Anti. Allah ya saka da alheri. Yayanmu zai kai shi Shika ranar Litinin in sha Allahu.