Masu nutso da tukunyar iska: me ya yi muku rana a ƙasan ruwa?

Mai jirgi daga Yauri: Assalamu alaikum. Tun hatsarin jirgin ruwan Warrah na watan Mayun 2021 ake ta cewa a koya wa yaranmu nutso da tukunyar iska, wasu ma sun koya. Ku da kuka taɓa shiga, wane horo ne ya yi muku rana sa'ad da abokin nutsonku ya shiga uku a ƙasa? Abin da ido ya gani nake so, ban da an ce.

Matashi daga Ngaski: Wa alaikumus salam, Baba. Ni dai raga ce. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye daji, kututtukan itatuwa na nan tsaye a ƙasa, tsofaffin raga da mamari sun nannaɗe su. Da damina ko tafin hannunka ba ka gani. Raga ta kama kan tukunyar abokina ta bayan wuya, inda hannunsa ba ya kaiwa. Ya ja igiya irin jan da muka shirya tun a kwalekwale. Na bi igiyar da lalube, na dafa kafaɗarsa ya daina juyi, don duk juyin da ya yi ƙara ɗaure kansa yake, sannan na bi zaren da almakashi ɗaya bayan ɗaya. Wuƙa zamewa take a zaren roba. Malaminmu ya sha sa mu yin haka a ruwa iya ƙugu, an liƙe mana tabarau da baƙin salatif, muna ta gunaguni.

Dattijo masunci daga Argungu: Mu ba mu san tukunya ba, numfashi ɗaya muke shiga kogin Matan Fada da shi. Amma mai nutsewa bai san ɗan'uwa ba, kanka zai hau. Ta baya ake zuwar masa.

Mai horar da masu nutso: Haka ne, Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai wannan numfashi ɗayan shi ne haɗarin gwanin ruwa ranar da ya goya tukunya. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama, iskar da ya shaƙa a can za ta ninka girma kafin ya fito. In ya riƙe ta, huhu na iya yagewa. Na taɓa samun ɗalibi ɗan Sarkawa, ya fi ni iya ruwa nesa ba kusa ba. Ruwa ya shiga tabaransa, sai ya tofar da abin bakin da yake shaƙar iska da shi ya yi sama, baki a rufe. Na cafke ɗamararsa, na mayar masa da abin bakin, na riƙe shi muka hau a hankali, kada mu wuce mita 9 a minti. Masu zuwa zurfi sosai kuwa nasu ya fi wuya, dole su tsattsaya a hanya jiki ya fitar da iskar da ta shiga jini. Shi ya sa nake rufe wa ɗalibi iska da saninsa a ruwa marar zurfi, ya saba karɓar bututun abokinsa ba tare da fizga ba.

Ma'aikaciyar jinya daga Gummi: Ni a bakin gaɓa nake haɗuwa da aikinku. An fito da wani yaro, na tarar an kifa shi ana danna masa ciki wai ruwa ya fita. Amai kawai hakan ke jawowa, ya koma huhu. Na kwantar da shi rigingine, na ɗaga haɓarsa, na hura masa sau 5, sannan danna ƙirji 30, hurawa 2, har ya yi tari. Danginsa suka ce gida za su, na ce sai asibiti, don huhun da ya sha ruwa yakan rikice bayan awanni.

Mai jirgi daga Yauri: Malama, mai tukunya fa in an fito da shi a sume?

Ma'aikaciyar jinya daga Gummi: Baba, a kwance masa kaya, in ba ya numfashi a fara hurawar. In yana yi, a kwantar da shi ta gefe, a ba shi iskar oksijin in akwai, a gaya wa likita zurfin da ya je da tsawon zamansa a ƙasa.