Masu shirin GMAT, dan Allah ku ba ni shawara kan grama da lissafi

Akanta_Sabongari:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina aikin akanta shekara 6 kenan, yanzu ina son in nemi MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a waje, Ingila ko Kanada, kuma makarantun da na duba duk suna neman GMAT, jarabawar neman shiga irin wannan karatun. Wani yayana da ya yi tasa tuntuni ya ba ni littattafansa guda uku manya manya, wata biyu kenan kullum bayan isha'i ina zaune a kansu har sha ɗaya na dare. Inda nake shan wuya shi ne wajen gyaran jimla, wato a ba ka jimlar Turanci an ja layi a ƙarƙashin wani yanki ka zaɓi wanda ya fi daidai cikin biyar, wlh sai in ga guda biyu duk daidai ne a idona, cikin 10 da ƙyar nake cin 5. Lissafi kuma rabona da shi tun WAEC, aikina duk Excel ne ke yi min, jomitiri kam na manta shi gaba ɗaya, su da'ira da kusurwa. Ta ina zan fara? Wata nawa ya kamata in ware? Kuɗin jarabawar ya kusa dala 300, ba na son in biya sau biyu a wannan canjin da ake ciki.

Malam_Lissafi:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kafin komai buɗe shafin farko na littattafan nan ka duba shekarar da aka buga su, don daga bayaninka na gane tsohuwar jarabawa kake karanta wa. Hukumar GMAC da ke shirya GMAT ta fito da sabon tsari a watan Nuwamba 2023, tsohon kuma aka rufe shi ƙarshen Janairu 2024. A sabon an cire gyaran jimla ɗungurungum, an cire rubutun insha'i, jomitiri ma an fitar da shi daga lissafin. Abu biyun da ke hana ka barci kenan duk babu su yanzu.

Sashe uku ne yanzu, kowanne minti 45. Lissafi tambaya 21, Turanci tambaya 23, sai sashen nazarin bayanai wanda suke kira Data Insights tambaya 20, duka awa 2 da minti 15, kuma kai ne za ka zaɓi wanda za ka fara da shi. Maki daga 205 ne zuwa 805, saboda haka in yayanka ya ce maka shi 700 ya ci kar ka ɗauka ma'auni ɗaya ne, 645 na yanzu shi ne kusan 700 na da.

To lissafin. Ina koyar da shi, kuma gaskiyar magana babu abin da ya wuce na sakandare a ciki, kaso cikin ɗari ne, rabo, matsakaici, aljabara, gudu da lokaci, halayen lambobi, ɗan ƙidayar yiwuwa. Wahalarsa tarko ne da agogo. Raba minti 45 gida 21 ka gani, minti 2 da ƴan daƙiƙu kowace tambaya, kuma a wannan sashen babu kalkuleta, sai a nazarin bayanai kawai suke ba ka ita a allon kwamfuta. Ku masu aikin ofis a nan kuke faɗuwa, ba don ba ku iya ba, hannu ne ya saba da na'ura, mutum ya san yadda zai warware amma 17 sau 14 ya cinye masa rabin minti.

Bari in ba ka misalin tarkon. Buhu yana naira 50,000 aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari, bayan sati aka rage kashi 20, nawa ya koma? Mai sauri zai ce ai ya dawo inda yake, kuma za ka tarar da 50,000 ɗin zaune cikin zaɓin yana jiranka. Amma ƙarin ya kai shi 60,000, ragin kuma a kan 60,000 ɗin aka yi shi, 12,000 kenan, saura 48,000. Ko a ce famfo ɗaya yana cika tanki a awa 6, ɗayan a awa 3, in an buɗe su tare fa? Mutane su haɗa su raba biyu su ce 4 da rabi, alhali ko mai saurin shi kaɗai awa 3 yake yi, ta yaya taimako zai sa ya ƙara daɗewa? A awa ɗaya na farko ya cika ɗaya bisa shida, na biyu biyu bisa shida, tare rabin tanki, amsa awa 2. Sai ƙananan abubuwa da dole su zauna maka a kai kamar sunanka, sifiri lamba ce mai rabuwa biyu, 1 ba ta cikin lambobin firam (waɗanda suka fi 1 kuma ba sa rabuwa sai da 1 da kansu), 2 ce kaɗai firam mai rabuwa biyu, kuma in aka ce x ba a ce maka cikakkiyar lamba ba ce, tana iya zama rabi ko ƙasa da sifiri.

Abin da nake sa ɗalibaina, littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi ka rubuta dalilin faɗuwar, ban san ƙa'idar ba ne, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya kore ni. Sati uku kawai za ka ga abu biyu ko uku ne ke ta maimaita kansu.

Maman_Tagwaye:

Malam ya faɗi gaskiya amma ni ban yarda a ce ka ajiye grama gaba ɗaya ba. Na zauna sabuwar jarabawar bara, ina goyo ga aiki, kuma abin da ya ba ni wuya a sashen Turanci jimloli ne masu tsawo layi huɗu biyar, kafin ka kai ƙarshe ka manta wa ake magana a kai. Wannan ai grama ce, sai dai ba za a tambaye ka ita kai tsaye ba. Wata biyun da ka yi ba su tafi a banza ba ɗan uwa, duk wanda ya saba nemo mai aikatawa da aikatau a cikin jimla ya tsallake abin da aka cusa a tsakiya, karatun zai zo masa da sauƙi. Ka riƙa lura da ƙananan kalmomi irin su "although", "unless", "some", "most", kalma ɗaya tana juya ma'anar sakin layi gaba ɗaya, ni "some" da "most" kaɗai sun kayar da ni ba adadi a gwaji.

Sauran kuma tambayoyin auna hujja ne. Kamar a ce mai shago ya sa sola a watan jiya, cinikin lemo da ruwan sanyi ya ninka, saboda haka sola ce ta kawo ciniki, wanne ne cikin zaɓin zai raunana maganar? Amsar ita ce wadda ta ce watan jiyan ne aka shiga azumi da zafi. In ka iya kama irin wannan a hira to ka iya, saura kawai ka saba yinsa da Turanci cikin minti biyu. Ni kullum da asuba kafin yara su tashi nake karanta maƙala ɗaya mai nauyi, ta tattalin arziki ko kimiyya, in rufe in faɗa wa kaina da Hausa me marubucin yake son cewa, in na kasa in sake.

Wata 4 na yi, awa ɗaya da rabi ranakun aiki, Asabar awa 4.

Akanta_Sabongari:

Innalillahi, na duba yanzu, 2018 aka buga su. Na gode Malam, na gode Maman Tagwaye, Allah Ya saka da alheri, da haka zan ƙara wata biyu ina haddace ƙa'idojin da'ira. To in zubar da su kenan? Kuma akwai wasu tambayoyi a sashen lissafin littafin da ake ba ka bayani biyu a ce ko sun isa a amsa, su ma an cire?

Malam_Lissafi:

A'a kar ka zubar, tambayoyin aljabara da kaso da na karatu duk suna nan da amfaninsu, tsallake gyaran jimla da jomitiri kawai. Waɗancan masu bayani biyun kuwa suna nan daram, ɗauke su aka yi aka mayar sashen nazarin bayanai, kuma makin wannan sashen nauyinsa ɗaya da sauran biyun. Sirrinsu kar ka warware har ƙarshe, tambayar ita ce bayanin ya isa ko bai isa ba. In an ce nawa ne x, bayani na ɗaya ya ce x sau x ya ba da 49, bai isa ba don 7 ce ko 7 ta ƙasa da sifiri. Kai akanta ne, teburi da jadawalin da ke sashen za su zo maka kamar gida.

Ka shiga mba.com ka yi rajista, akwai cikakkiyar jarabawar gwaji guda biyu kyauta. Yi ɗaya wannan Asabar ɗin da agogo, waya a kashe, kafin ka ƙara karanta komai, ita za ta faɗa maka ko wata 3 kake buƙata ko 5. Kuma ka sani jarabawar tana bin sawunka ne, in kana ci tana ƙara tsauri, don haka kar ka tsorata in ta yi zafi. Kar ka bar tambaya ba amsa, ana rage maki sosai a kan hakan, in ta ƙi ka zaɓi ɗaya ka sa mata alama ka wuce, a ƙarshen sashe in lokaci ya rage an yarda ka canza amsa har guda 3.

Ɗan_Zinder:

Ƙarin bayani kaɗan, ka duba shafin kowace makaranta tukuna, da yawa suna karɓar GRE, wata jarabawar neman shiga digiri na biyu, maimakon GMAT. Ita akwai kalkuleta a lissafinta amma jomitiri yana nan, ga haddar kalmomin Turanci masu wuya, ni da na yi karatu da Faransanci shi ya sa na gudu na koma GMAT. Sannan in za ka yi ta intanet a gida ka tabbatar da wuta da netwok, ni a gwaji wuta ta ɗauke min ana tsakiyar lissafi, daga ranar na yanke shawarar cibiyar jarabawa zan je ko da tafiyar kwana ce. Sakamakon yana aiki shekara 5, ba sai ka jira lokacin neman gurbi ya matso ba.

Akanta_Sabongari:

Na yi rajistar yanzu. Asabar in Allah Ya kai mu zan yi gwajin bayan sallar asuba, zan dawo in kawo makin kowane sashe ku duba min. Maman Tagwaye dan Allah wanne kika fara da shi ranar jarabawar, lissafi ko Turanci?