Musayar Waƙa: Jar Mota, Gwanda da Bajimi a Farkon Kakar Formula 1 ta 2025

Kawu Mai Jar Mota, Lahadi 16 ga Maris

Salamu alaikum. Barkanmu da shan ruwa. Bana a Melbon ta Ostireliya aka buɗe kakar tseren motoci, tunda azumi ya sa an ɗage tseren Baharain da na Jidda zuwa Afrilu. Ƙarfe biyar na asuba agogonmu aka sa, daidai sahur. Ƙa'idarmu tana nan: mai magana ya zo da baiti, mai zagi ya koma gida. Na buɗe.

Da sunan Rabbu zan soma,
Mai ƙasa, mai sararin sama,
Ya ba ni basira da hikima,
In wa jar mota kirari.

Na sha kokona na kama kallo,
Ido bai ɗaga daga kan allo,
Melbon ta zo da sabon salo,
Sama ta haɗo baƙin hadari.

Shekara sha biyu yana Marsandi,
Yau ga shi a ja ranar Lahadi,
Kambu bakwai, bai san gyangyaɗi,
Lewis ke nan, gwanin sitiyari.

Daga layi na takwas ya fara tsere,
Albon na Williams ya zo ya tare,
Zagaye bayan zagaye a jere,
Ba ƙofar wuce shi da sauri.

Ruwa ya dawo dab da ƙarshe,
Injiniyoyi na zaton zai bushe,
Nan dabararmu duk ta rushe,
Aka bar shi waje ba wani shiri.

Ya hau gaba na ɗan lokaci,
Na miƙe tsaye ina jin mun ci,
Ashe a gaba akwai takaici,
Na goma ya ƙare, ga labari.

Ni ban ga laifin direba ba,
Ba shi ke duba sama ba,
Masu kwamfuta ba su gani ba,
Su za a tuhuma a Ferrari.

'Yar Gwanda

Kawu, ina wuni, ya ibada? Mu 'yan McLaren, masu mota ruwan gwanda, ƙungiyar Lando da Oscar, mun iso.

Kawu sannu, Allah ba da haƙuri,
Ba don azumi ba da na taka rawa.

Tun 2007 kuke jiran kambu,
Räikkönen ya tafi da shi, ba dawowa.

Ruwan da ya jiƙa jar motarku,
Shi ne dai ya sauka a kan kowa.

A zagaye na arba'in da huɗu,
Lando ma sai da ya taɓa tsakuwa.

Amma shi da gareji bakinsu ɗaya,
Taya mai zane ya karɓa, sai ficewa.

Maks na bayansa yana ta huci,
Ƙasa da daƙiƙa ya ba shi a gamawa.

Wanda ya ban tausayi Oscar ne,
Ɗan garin ne, a gaban 'yan'uwa.

Yana na biyu mota ta juya,
Ta je ta kafe cikin ciyawa.

Ya sa ribas ya lallaɓa ta fito,
Jama'ar Melbon suna ta sowa.

Zagayen ƙarshe ya wuce gwaninka,
Ta waje ma, Kawu, kana kallo kuwa.

Kambun kamfanoni bara muka ɗauka,
Tun 1998 muke jin ƙishirwa.

Bana na direba muke nema,
McLaren ta tashi, ba tsayawa.

Ɗan Bajimi

Ina gaida manya. Red Bull, ƙungiyar Maks Verstappen, ba ta mutu ba, kar a yi saurin raba gado.

Yaya Gwanda, sassauta guɗa,
Tsere ɗaya tak aka buɗa,
Ashirin da uku na nan a shimfiɗa,
Kaka na da nisan tafiya.

Motarku ta fi, ban musa ba,
Tamu ba ta kai ta gudu ba,
To me ya sa ba ku ɓace ba?
Maks na manne da ku a baya.

Kambu huɗu gare shi a jere,
Ku tuna Barazil bara, ruwa da tsere,
Daga na sha bakwai ya ratsa ya share,
Lando na shida, yana jin kunya.

An ce tunda Newey ya fice,
Zanen motarmu ya lalace,
Na yarda, amma ni dai na ce,
Hannun direba shi ne dukiya.

Kawu, ina gaisuwa da ladabi,
Amma zancenka akwai aibi,
Leclerc na takwas, duba hisabi,
Mota iri ɗaya, gareji ɗaya.

Oga Sifana

Ni makanike ne, ba ni da ƙungiya. Abin da ya kamata ku sani: Albert Park titin gari ne da ake rufewa don tsere, kuma farin fentin da ke kansa in ya jiƙe santsi gare shi sosai. Ka taka totur taya na kan fenti, sai dai ka ga bango yana tahowa.

Ku kuna faɗa a kan manya,
Ni hankalina na wurin yara.

Hadjar a zagayen ɗumama taya,
Ya daki bango tun ba a fara.

Ya fito da hular kwano a kansa,
Yana kuka, ba abin da zai gyara.

Sai ga Anthony, mahaifin Lewis,
Ya dafa shi yana ba shi shawara.

Ba ɗansa ba, ba ƙungiyarsu ɗaya ba,
Wannan hoton ya fi min nasara.

Doohan ya bi a zagayen farko,
Sainz ma, wanda ya ci nan bara.

Alonso mai kambu biyu ya faɗa,
Lawson da Bortoleto suka ƙara.

Mota ashirin ta fito da rana,
Sha huɗu ne kaɗai suka tsira.

Antonelli, ɗan shekara sha takwas,
Daga sha shida zuwa huɗu ya haura.

Kawu, yaron da ya gaji gwaninka,
Maki sha biyu ya riga ya tara.

Kawu Mai Jar Mota, Asabar 22 ga Maris

Kwanakin nan na yi shiru kuna ta sukuwa a kaina. To an yi gajeren tsere a Shanghai ta China.

Ina 'Yar Gwanda, ina Bajimi?
Ku fito ku gai da jarumi,
Ƙarfe huɗu, daren azumi,
Shanghai ta ga aikin Ferrari.

Gurbin farko shi ya kama,
Zagaye sha tara yana sama,
Oscar da Maks suna ta fama,
Ƙura kawai suka sha a wuri.

Lando naki na takwas ya zo,
Yau ina gudu, ina ƙwazo?
Melbon ta zam tatsuniyar gizo,
Maki takwas namu, da alheri.

'Yar Gwanda, Lahadi 23 ga Maris

Kawu, jiya ka kira na yi shiru,
Na san Lahadi tana zuwa.

Gajeren tsere maki takwas ne,
Babba ashirin da biyar ake bayarwa.

Oscar na ɗaya, Lando na biyu,
Duk da birkinsa na ta nutsewa.

Karo na hamsin ke nan a tarihi,
Da muka jera biyu a gaban kowa.

Naku na biyar da na shida suka zo,
Na ce ba laifi, a yi ta gwadawa.

Kafin la'asar labari ya canja,
Alƙalai sun kore su, ba tausayawa.

Oga Sifana zo ka yi bayani,
Ni dariya ta hana ni rubutawa.

Oga Sifana

Hajiya, a bar dariya a saurara. Laifi biyu ne daban. Na Leclerc nauyi ne: bayan an zuƙe mai, motarsa ta nuna kilo 799, doka kuwa 800 ta ce. Gasly na Alpine ma haka aka kama shi. Na Lewis Hamilton kuwa wani falle ne mai kama da katako da ake liƙawa a ƙarƙashin mota. An shigo da shi a 1994, bayan rasuwar direba Senna a tseren Imola, don a hana ƙungiyoyi kwantar da mota ƙasa da yawa. Motocin da ake yi tun 2022, yadda ka ƙara sauke su haka iska ke ƙara manna su da titi, su sha kwana da gudu. Shi ya sa kowa ke wasa da bakin iyaka. Ba yau farau ba: a Austin ta Amurka a 2023, Leclerc da Hamilton ɗin nan aka kora kan katakon nan, lokacin Hamilton yana Marsandi.

Kilo ɗari takwas har da direba,
Ba mai a tanki, haka ne doka.

Motar Leclerc ta hau sikeli,
Kilo ɗaya ya ɓace, ba shakka.

Sau ɗaya ya tsaya canjin taya,
Roba ta cinye a titin da ya taka.

Ta Lewis kuwa katakon ƙasa ne,
Mai gogar titi in mota ta sauka.

Milimita tara ake so a samu,
Takwas da rabi ma'auni ya ɗauka.

Abin da bai wuce kaurin farce ba,
Shi ya sa alƙali ya yanka.

Kilo ɗaya da rabin milimita,
Maki sha takwas suka lashe duka.

Kawu, a nan na ba ka gaskiya,
Awo na gareji ne, ba na mai tuƙa.

Ɗan Bajimi

Kawu, jiya kirari, yau jaje,
Doki biyu an kora waje,
Teburin maki ga shi a baje,
Ku da Williams kun zama ɗaya.

Na Damagaram

Gafara dai, dattijo na shigowa. Tun makon jiya nake karantawa ban ce uffan ba.

Kuna ta hayaniya kun manta da mu,
Ba wanda ya kira Russell da suna.

Na uku a Melbon, na uku a Shanghai,
Ba rigima, ba yawan magana.

An ce in Lewis ya tafi mun rushe,
Mu ne na biyu a kamfanoni bana.

Hamsin da bakwai Marsandi ta tara,
Kawu, ninka sha bakwai uku ka auna.

Kawu Mai Jar Mota, Alhamis 27 ga Maris

Alhaji na Damagaram, na auna, na kuma haɗiye. Amma yau ba da kai nake ba. Red Bull ta sanar ta mayar da Lawson ƙaramar ƙungiyarta, Tsunoda zai hau kujerarsa.

Ɗana Bajimi, matso ka zauna,
Yau a gidanku ake magana,
Lawson tsere biyu ya yi bana,
Kun sauke shi tun da wuri.

Gasly kun sauke a 2019,
Albon ya bi, Pérez ya bi bara,
Kujera ɗaya tana cin yara,
Har yau ba ku zauna kun yi nazari.

Ka ce hannun direba ne dukiya,
To mutum huɗu duk ba su iya?
Albon ga shi na biyar a Ostireliya,
Da ya bar ku ya sami wuri.

Talatin da shida kuke taƙama da shi,
Duk Maks kaɗai ya kawo shi,
Ran da ya ce muku zai tashi,
Sai ku nemi mai ba ku haƙuri.

Mu ciwonmu awo da lissafi,
Direbobinmu ba su da laifi,
Ku motarku ta fi ku ƙarfi,
Mutum ɗaya tak ya san sirri.

Ɗan Bajimi

Allah ya ja kwana, Kawu, amma wannan karon ka harbi ƙafarka.

Kawu, ka ba ni hujja da kanka,
Motar da ta ka da huɗu a lissafinka,
Maks na biyu da ita a teburinka,
In ba gwani ba, wa zai iya?

Tsunoda zai hau a gaban danginsa,
Suzuka, filin Honda, ƙasarsa,
Ina masa addu'a, ina tausayinsa,
Kujerar nan tana da wuya.

Uku a jere a can Maks ya ci,
6 ga Afrilu ne lokaci,
Yaya Gwanda, kar ki yi barci,
Ƙarfe shida za a hau hanya.

Kawu Mai Jar Mota

Yaro ya iya baki, zan dawo kanka bayan salla. Saura 'yata, da ke ganin gidanta lafiya lau tunda Lando na da 44, Oscar na da 34.

'Yata, kin ambaci 2007,
Bari in ba ki abin da akwai,
Alonso da Lewis, gidanku kawai,
Suka yi ta ja, ba mai bari.

Ɗari da tara kowanne ya samu,
Ɗari da goma ta zo wa namu,
Kambun da kike wa gori a hannunmu,
Kyautar gidanku ce ga Ferrari.

Yau maki goma tsakanin 'ya'yanki,
Lando da Oscar, duka naki,
Ran da suka haɗu a kwana ba birki,
Wa za ki ce ya yi haƙuri?

'Yar Gwanda

Kawu, ka taɓa inda ke min ƙaiƙayi,
Wannan tambayar ba ta kaucewa.

Lando tun 2019 yake gidan nan,
Ya sha wuya tun mota na rarrafawa.

Ran da take nasa ba mai kama shi,
Amma tashi daga layi na ba shi tangarɗa, kuwa.

Shi Oscar jininsa sanyi ne,
Ko a rediyo ba ka jin ya yi tsawa.

In an matsa min Oscar zan ɗauka,
Masoya Lando su yi min afuwa.

Ku ajiye baitin nan har Abu Dabi,
7 ga Disamba a zo a yi dubawa.