Ɗakin awakin tatsa: daɓen siminti ko na ƙasa?

Uwar Tagwaye:
Assalamu alaikum. Ina da awaki huɗu, jajaye irin na Sakkwato. Biyu sun haihu wata guda ke nan, biyu kuma suna da ciki. Yanzu a turke suke ƙarƙashin rumfar kara a bayan gida, ga damina ta ƙarato. Akwai fili mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3 jikin katanga, a nan nake so a gina musu ɗaki. Shin filin zai ishe su har da 'ya'yansu? Daɓen siminti ya fi ko a bar shi ƙasa? Bulo nawa da kwano nawa zan tanada? Sannan nonon da nake samu wurin kowace akuya bai wuce kofi ɗaya ba, me ake yi ya ƙaru? Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Birkila:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Filin ya isa. Akuya da 'ya'yanta murabba'in mita 2 ake ba ta, huɗu sun ci 8 ke nan, saura 4 sai a raba biyu: lungun haihuwa da lungun da ƙanana za su riƙa kwana. Amma ki bar musu wani fili a waje, ko da na shinge ne, inda za su sha hantsi su motsa jiki.

Kafin a ɗora bulo ko ɗaya, a duba inda ruwa ke bi in an yi mamako. Yawancin ɗakunan awaki daga nan suke lalacewa, domin a kan gina su daidai da tsakar gida, ruwa ya zo ya kwanta a ciki. A haƙa tushe zurfin santimita 45, a zuba kankare, a ɗora layin bulo biyu, a cike cikin da marmara har ƙasan ɗakin ya ɗara tsakar gida da santimita 30. Cikon nan ba a zuba shi lokaci guda. A zuba kaurin tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani. In aka zuba shi gaba ɗaya, sama ce kawai za ta daɓu, damina ɗaya ƙasan zai zauna, daɓen ya tsattsage.

Bango kuma ba huɗun ne za su kai sama ba. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka bangon gabas da na arewa su ne za a kai mita 2, a bar 'yar kafa tsakaninsu da kwano don zafi ya fita. Na kudu da na yamma layi biyar ya isa, wajen mita 1.2, sauran a rufe da ragar waya mai kauri. Kada a yi ƙasa da layi biyar, akuya na tsallake shi. Ƙofa faɗin mita 1, yadda baro zai shiga kwasar taki, a sa mata sakata ta waje, sama da inda bakin akuya ke kaiwa.

Lissafin bulo mai inci 6: guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Dogayen bango biyu za su ci 140, gajerun 72, tushe 62. Ki sayi 290 saboda masu fashewa. In bangon gidan ne zai zama ɗaya daga ciki, sai a rage nasa. Tubalin ƙasa ma yana yi, sai dai awaki na lasarsa suna goga jiki, don haka layi uku na ƙasa su zama na siminti.

Rufi mai gangara ɗaya ya fi sauƙi: gaba mita 2.4, baya mita 2, ruwan ya zuba inda ba zai dawo ɗakin ba. Kwanon ya zarce bango da santimita 60 ta kowane gefe, in ba haka ba feshin ruwa zai shiga ta raga. Da wannan zarcewar, kwano mai ƙafa 6 zai kai falle 24, wato bandir ɗaya mai 20 ba zai isa ba. A ɗaure katakon rufin da bango da ƙarfen ɗauri, domin iskar farkon damina ba ta raga wa rumfar da gefenta yake buɗe. A shimfiɗa zana ko asabari ƙarƙashin kwanon saboda zafin bazara.

Daɓe kuwa, ni siminti nake ba da shawara: bokiti 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kauri santimita 7 zuwa 8, buhu 6 zai yi. A karkata shi santimita 2.5 a kowace mita zuwa wata 'yar kwata da za ta fita waje. Kada birkila ya goge shi sumul, a ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye, don akuya mai ciki in ta zame tana iya yin ɓari. A riƙa ba shi ruwa kwana 7 kafin a sa dabba.

Malamin Dabbobi:
Baba Birkila ya gama magana a kan tushe da bango da rufi, ba ni da abin ƙarawa. A kan daɓe ne nake da ja. Siminti ba ya shan fitsari. In ba za a share shi kullum a wanke ba, fitsari da kashi suna haɗuwa su zama caɓi, akuya ta kwanta hantsarta a ciki, daga nan sai ciwon hantsa da ruɓewar kofato. Da hunturu kuma yana ɗaukar sanyi, ƙananan da suka kwana a kai su ne ake tashi a tarar suna tari da majina. Daɓen marmara da aka daddaɓe da kyau yana tsotse fitsari, ana share shi kowace safiya, a barbaɗa toka ko farar ƙasa sau ɗaya a mako, sannan sau biyu a shekara a kankare saman kamar kaurin yatsu uku a kai gona, a zuba sabo. Ga mai awaki huɗu wannan ya wadatar, kuɗin buhu 6 kuma a sayi harawa da shi.

In kuma an fi son simintin, to lallai a yi musu dandamalin katako na kwana. Akuya dabba ce mai son tudu, in ta samu ba za ta kwanta a ƙasa ba. Tsayinsa daga ƙasa santimita 40 zuwa 50, yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi. Katakan masu faɗin santimita 5 zuwa 7, tazarar da ke tsakaninsu santimita 1.5. Tazarar nan a auna ta da gaske, a yanki ɗan itace mai wannan kauri a riƙa sa shi tsakani ana buga ƙusa. In ta fi haka ƙafar ɗan akuya na faɗawa ta karye, in ta gaza kashi ba ya zuba. Ƙafafun dandamalin a ɗora su kan bulo saboda gara da laima.

Ga yadda za ki gane ko iska na ratsa ɗakin: ki shiga da asuba kafin a share, ki durƙusa daidai tsayin hancin akuya. In zarni ya sa idonki yaji, to abin da suke shaƙa ke nan duk dare, kuma shi ke buɗe ƙofar ciwon huhu. Maganinsa a ƙara kafar iska ta sama, a gyara magudana. Da hunturu a rataya buhu a ragar da dare, a cire shi da hantsi.

Abu uku na lafiya da bai kamata a yi sakaci da su ba. Na farko rigakafin PPR, cutar nan mai zawo da majina da gyambon baki da ke share garke cikin kwanaki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ce ke yin allurar, ana samunta ta ofishin dabbobi, ana yi wa ɗan akuya daga wata 3 zuwa 4, kuma tana kare shi aƙalla shekara 3. Duk akuyar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 3 kafin ta shiga cikin sauran. Na biyu tsutsar ciki, wadda ke tsananta da damina. Ki riƙa jan fatar idonsu ta ƙasa: ja ko ruwan hoda lafiya, in ta yi fari fat jini ya ƙare, a ba da magani. Amma maganin tsutsa mai suna albendazole ba a ba akuya a farkon ciki, kwana 45 na farko, yana iya nakasa ɗan. Kuma duk maganin da aka yi wa akuyar tatsa, na tsutsa ko allurar kashe ƙwayoyin cuta, a tambayi kwanakin da za a daina shan nononta. Na uku, Hajiya, nono a tafasa shi kafin yara su sha. Cutar bakkale, mai sa dabba ɓari, tana kama mutum ta ɗanyen nono. In akuya ta yi ɓari a sa leda a hannu a kwashe ɗan da mabiyiya a binne.

Gwaggo Mai Nono:
'Yata, a kan nono, fara da sanin abin da jar akuya ke iya bayarwa don kada ki ɗora mata abin da ba nata ba. In ta ƙoshi, rabin lita zuwa lita ɗaya take yi a yini, har da wanda 'ya'yanta ke sha, tsawon wata uku zuwa huɗu. Darajarta tana wajen yawan tagwaye da juriya da kyan fata, shi ya sa aka buɗe mata cibiyar kiwo a Maraɗi tun 1963. Za ki ji ana zuga Saanen, farar akuyar Suwizalan mai lita 3. Tana bayarwa, amma a inda ake da sanyi da abinci mai yawa. Zafin watan Afrilu a ɗakin kwano yana karya ta. Ki riƙe naki, ki riƙa ajiye 'ya'ya mata na uwar da ta fi nono.

Kofi ɗayan da kike samu, ragowar da 'ya'ya suka bari ne. Tunda sun yi wata guda, ki raba su da uwar bayan magariba, su kwana a lungunsu inda tana ganinsu amma ba sa kaiwa ga hantsa, da ɗan ruwa da harawa mai laushi. Da safe ki tatsa, sannan ki sake su su wuni tare. Mai tagwaye kada ki tatse ta ƙarƙaf, ki bar musu rabi. Waɗanda za su haihu nan gaba kuwa, mako biyun farko nonon na 'ya'ya ne gaba ɗaya, musamman dakashi, wanda ya kamata ɗa ya sha cikin sa'o'in farko. A tsoma cibiyarsa a aidin. Yaye a wata 3.

Abinci shi ne nono. Akuya mai kilo 25 tana cin busasshen abinci kusan kilo 1 a yini. Harawar wake ko ta gyaɗa ita ce ginshiƙi, karan dawa cika ciki ne kawai. A kan harawa ki ƙara haɗi: awo 3 na dusa, awo 1 na kowar wake, awo 1 na dakakken ƙuliƙuli marar yaji, da ɗan gishiri. Mai shayarwa gram 300 zuwa 400 a yini, rabi safe rabi yamma. Ki fara da cikin tafi ɗaya, ki riƙa ƙarawa har kwana 10. In aka tula mata dusa ko tsaba rana ɗaya, cikinta zai yi tsami ya kumbura, ta daina tuƙa, wata ma ba ta tashi. 'Ya'yan gawo da ganyen zogale suna ƙara nono sosai. Angurya manya kaɗai ake ba, ƙanana tana yi musu illa. Ki kiyaye su daga gyauron dawa, sabon tohon nan yana da guba, haka nan leda, wadda ke taruwa a tumbi akuya ta yi ta ramewa ana cewa mayu ne. Ruwa mai tsabta lita 4 zuwa 6 kowace, da bazara fiye da haka. Mai shayarwar da ake ba ruwa sau ɗaya a yini ba za ta yi nono sosai ba ko me ta ci.

Harawa kada a zuba ta a ƙasa, abin da akuya ta taka ba ta ci. Kafinta ya yi raga ta katako jikin bango, tazarar sanduna santimita 5, da komi a ƙasanta mai tare ganyen da ke zubowa, don a ganyen nan amfanin yake.

Wajen tatsa ya zama dabam, ba cikin ɗakin ba. Ɗan benci mai tsayin santimita 40 ya isa, da kwanon dusa a gabanta, kwana kaɗan za ta riƙa hawa da kanta. Wanke hannu, goge hantsa da ruwan ɗumi, tsane ta da ƙyalle mai tsabta. Tsirtuwa biyu na farko a cikin baƙin kofi: in kin ga gudaji ko jini ko ruwa-ruwa, ko hantsar ta yi zafi da tauri, ciwo ya shiga, a ware nonon a kira malamin dabbobi. Kan nono ba a jansa. Ki zagaye gindinsa da babban yatsa da manuni, sauran yatsun su matso ƙasa ɗaya bayan ɗaya. In kin gama ki ba ta harawa ta ci a tsaye rabin sa'a, kafin ƙofar nonon ta rufe. A tace da farin ƙyalle, a tafasa nan take.

Uwar Tagwaye:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Zan yi daɓen marmara da dandamali. Saura bunsuru: in na saya, a ɗakin zai zauna tare da su? Kuma yaushe ake daina tatsar mai ciki?

Gwaggo Mai Nono:
A'a, 'yata, rumfarsa dabam, nesa da wajen tatsa, don nono na ɗaukar warinsa. In yana cikinsu kuma zai hau 'yan wata biyar da ba su isa ba, ya dami masu ciki. Akuya na neman bunsuru kusan kowane kwana 21, za ki ga tana kuka tana kaɗa wutsiya, sai ki kai ta wurinsa ki rubuta ranar. Ciki wata 5 ne, kimanin kwana 150. Tatsa a daina saura wata 2 ta haihu: ki janye haɗin dusa na 'yan kwanaki, ki koma tatsa bayan kwana bibbiyu, sannan ki bari. Makonni shida na ƙarshe ki dawo mata da haɗin kaɗan kaɗan. Shi bunsurun kada a cika masa dusa, tana sa masa tsakuwa a mafitsara.

Tsohon Birkila:
Tunda marmara za a yi, Hajiya, a karkata ta ita ma zuwa ƙofa, kuma a zuba kankare faɗin mita 1 a bakin ƙofar da ƙarƙashin kwanon ruwa, don nan ne kofato ke fara haƙa rami. Buhu ɗaya ya ishi wannan.