A taimaka da kalma kafin darasin gobe

Malama Hadiza: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 ina da darasi kan rumbun bayanai, kuma ɗalibaina sun fi ganewa da Hausa. Na maƙale a kan vertical scaling da horizontal scaling. A na farko, saba ɗaya (kwamfutar da ke riƙe da bayanan) ake ƙara wa RAM da furosesa da wurin ajiya. A na biyu, ƙaro wasu sabobin ake yi a raba musu aikin. Me zan kira su?

Injiniya Sani: Faɗaɗawa a tsaye, faɗaɗawa a kwance. An gama.

Zainab: Haba Yaya Sani, faɗi ai dama a kwance yake. "Faɗaɗawa a tsaye" kunne bai karɓa ba. Kuma ɗalibi zai zaci tayar da na'urar ake yi ko kwantar da ita. Ni dai ƙarin ƙarfi da ƙarin yawa.

Malam Garba: Kafin ku yi nisa, mece ce kuma "saba"? Muna da uwar garke. Tunda kuwa uwar garke ce, sai mu tsaya a fagen kiwo. Na farko kiwon turke, rago ɗaya a ɗaure ana ɗura masa dusa da harawa har ya cika. Na biyu kiwon garke. Na daɗe da ƙirƙiro su, ba wanda na faɗa wa bai gane ba.

Injiniya Sani: Baba, turken ya zauna daram. Saba ɗaya tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma manyan na'urori tsadarsu na gudu fiye da ƙarfinsu. Sau da yawa sai an kashe ta kafin a ƙara mata kaya, in kuma ta mutu, komai ya tsaya. Garken ne bai ɗauko ma'anar ba, don tumaki ba sa raba aiki a tsakaninsu. Idan an ƙaro sabobi, abu biyu ake yi. Ko a kwafi bayanan duka a sabobi da yawa don rage cunkoson masu karantawa, ko a yanka su kashi-kashi, kowace saba ta riƙe nata. Wahalar tana zuwa ne idan tambaya ɗaya na buƙatar haɗa bayanan da ke sabobi daban-daban, ko idan aka rubuta a nan kwafin can bai samu labari ba tukuna. Irin wannan nauyin ne ya sa Facebook suka ƙera manhajar rumbun bayanai ta Cassandra, suka sake ta ga jama'a a 2008, YouTube kuma suka gina manhajar Vitess don raba rumbun bayanai na MySQL a sabobi da yawa.

Malam Garba: To ai makiyayi shi ke raba musu wurin kiwo.

Abdu Damagaram: Malam, da girmamawa, mu nan ban taɓa jin uwar garke a bakin mai gyaran kwamfuta ba. A rubutun fassara kawai nake ganinta.

Malam Garba: Laifin wa? Larabawa khadim suke cewa, ba su ji kunya ba. Mu ne kullum a bakin ƙofar Bature da ƙoƙon bara.

Zainab: Baba, masu Swahili seva suke cewa, harshensu bai mutu ba. Kuma da mota kuka je kasuwa yau.

Malam Garba: Mota ta zama 'yar gida tun kafin a haife ki.

Abdu Damagaram: Wa ke ba kalma takardar zama 'yar gida? Kanawa?

Injiniya Sani: Don Allah kar mu shiga nan.

Malama Hadiza: Jama'a, dare na yi. Ga abin da zan rubuta a allo: ƙarin ƙarfi da ƙarin yawa. Turken Baba zan kawo shi a matsayin misali, don na san za su yi dariya kuma ba za su manta ba.

Injiniya Sani: Ki sa "ƙarin yawan sabobi", kar su ɗauka bayanan ne suka ƙaru. Ki kuma faɗa musu yawancin ƙananan kamfanoni manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL a saba ɗaya mai ƙarfi ta ishe su.

Malam Garba: Ƙarin ƙarfi kamar tallar maganin gargajiya a tasha. Amma ajinki ne, Malama. Ni dai a nawa rubutun uwar garke ce.

Malama Hadiza: Na gode, Baba. Kalmar yanka bayanai kashi-kashi sai wani makon.