Wane faifan DVD ya fi dacewa da ajiyar bidiyo?

Mai ɗaukar biki, Pantami:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wane faifai ne mai araha da zai riƙe bidiyon biki da tafsiri shekaru ba tare da ya riƙa sarƙewa ba?

Daga Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Malam. Nemi DVD-R na Verbatim mai rubutun AZO a kwalinsa, don sinadarin da ke riƙe hoton ya fi jure zafi da haske. Amma jabu ya cika kasuwa. Sayi ɗaya tukuna, ka buɗe shi da ImgBurn, manhajar kwamfuta ta ɗora abu a faifai, ka duba lambar masana'anta: yawancin na gaske da MCC suke farawa. Kada ka ajiye a DVD-RW, wannan na gogewa ne a sake.

Daga Tudun Wada:
Ƙari a kan haka, ko an rubuta 16x a faifan, wato saurin ɗorawa, ɗora a 4x ko 8x, sannan ka bari manhajar ta tantance faifan bayan ta gama. An rubuta faifan na ɗaukar 4.7GB, kwamfuta kuwa 4.37 take nunawa. Tsaya wajen 4GB, domin bakin faifai ne ke fara lalacewa, shi ya sa ƙarshen bidiyo ke tsayawa.

Daga Bolari:
Ajiya ma fa, Alhaji. Kowanne da gidansa na roba, a tsaye, nesa da rana da ƙurar hunturu. Ban da manna takarda a bayansa. Ka yi biyu-biyu, ɗaya a wani ɗakin.