Kyan edita ko aikinta: wanne ya kamata a fara dubawa?

Tsohon Hannu: Jama'a, abin da ke damuna da masu tasowa shi ne, mutum zai ɗauki editar rubuta kod don kawai ya ga ta yi kyau a allon wani. Ni a ganina kamanni ba ya cikin lissafi. Bill Joy ya rubuta editar vi a 1976, ba ta rina ko kalma ɗaya, kuma an yi aiki mai tarin yawa da ita a tsarin sarrafa kwamfuta na Unix. Har yau in ka shiga sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) daga nesa, galibi ita ko magajiyarta Vim za ka tarar. A duba sauri, a duba ko tana nuna kuskure da wuri, shi ke nan.

Ɗalibar Python: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Wanda zai wuni ido a kan allo, ta yaya za a ce abin da yake gani ba komai ba ne? Ko haruffa kaɗai sun isa hujja. Akwai salon da in an rubuta 0 da O, ko 1 da l da I, sai ka matso da fuska kafin ka raba su. Shi ya sa salon haruffa irin su Fira Code da JetBrains Mono suke sa alama a cikin sifili. Kuma a harshen Python, in ka cakuɗa tazarar maɓallin tab da sarari a farkon layi, shirin zai iya tsayawa da saƙon kuskure na TabError, alhali a ido layukan daidai suke. Editar da ke nuna su a fili ta rage maka wahala.

Mai Neovim: Ƙanwata ta taɓo wuri mai muhimmanci. Ku tuna kuskuren da aka gano a kod ɗin Apple a 2014, inda layin `goto fail;` ya maimaitu sau biyu. An tura na biyun ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗin `if`, amma harshen C bai damu da turin layi ba, don haka kullum sai ya gudana, ana tsallake tantance sa hannun haɗin sirri. Ido ya ga abu ɗaya, na'ura ta yi wani.

Tsohon Hannu: Ai wannan ni ya goya wa baya. Wane launi ne zai kama shi? Abin da ke kama irinsa shi ne manhajar da ke daidaita layuka da kanta, ko gargaɗin da GCC, manhajar da ke fassara wa na'ura kod ɗin C, ta ƙara a fitowa ta 6 kan turin layi mai ruɗarwa. Aikin ciki ne, ba fenti ba.

Mai Lalurar Launi: Bari in sa baki, don ni abin ya shafe ni kai tsaye. Ba na raba ja da kore sosai, kuma ba mu da kaɗan: ana ƙiyasta kusan namiji 1 cikin 12 na da wannan lalura. To ku dubi yadda ake nuna canjin kod: layin da aka goge ja, wanda aka ƙara kore. Ni a wurina duk sun zama launi guda mai duhu, sai na bi alamar + da - ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma tsarin launin da ke dusar da bayanan gefe, wato sharhin da ake rubutawa cikin kod, har su kusa ɓacewa. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa shafukan intanet ga masu lalura, ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 zuwa 1. Malam, wannan ba ado ba ne, shi ke raba iya karatu da kasa karatu.

Tsohon Hannu: Wannan kam gaskiya ne, ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Amma ka lura, launin ka canza ko editar?

Mai Lalurar Launi: Launin.

Tsohon Hannu: To ka gani. Tsarin launi irin su Monokai, Solarized, Dracula, duk ana samun su a kusan kowace edita, cikin minti biyu ka sauya. Nauyin edita kuwa ba ya sauyuwa haka. Editar Atom ta kamfanin GitHub tana da kyan gani, amma an sha kuka da jinkirinta, aka rufe ta a ƙarshen 2022. VS Code, da ta fito a 2015 a kan Electron, tubalin da aka gina Atom a kansa, ta yi gaba, har sama da kashi 70 cikin ɗari na masu amsa tambayoyin Stack Overflow, dandalin masu rubuta kod, na 2023 suka ce da ita suke aiki.

Ɗalibar Python: Amma Malam, kai ka san inda ake sauyawa. Sabon shiga fa? Ya buɗe Vim ya tarar da baƙin allo, ko hanyar fita bai sani ba. Abin da edita ta nuna masa a ranar farko shi zai sa ya zauna ko ya gudu, kuma wanda ya gudu ba zai taɓa ɗanɗana saurin da kake yabo ba.

Mai Neovim: A nan ina tare da ke. Ni kaina sai da na sa lambar layi da rinin kalmomi kafin zama da Neovim, editar da aka tsago daga Vim, ya yi mini daɗi. Sai dai da a ce tana ɗaukar lokaci kafin ta buɗe babban fayil, da na bar ta ko da wane launi ta zo. Ɗan'uwa, kai da me ka maye ja da koren?

Mai Lalurar Launi: Shuɗi ga layin da aka ƙara, ruwan lemo ga wanda aka goge. Na kuma ƙara wa bayanan gefe haske.